Kuɗin Wuta

Har yau idan aka kawo mini kunu aka ce da mazarƙwaila aka dama shi, sai in ture kofin gefe. Matata ta ɗauka ciwon suga nake tsoro, ni kuwa na bar ta a haka, don ya fi sauƙin bayani. Gaskiyar magana ita ce akwai wani wari da ya shiga hancina 'yan shekarun baya a bayan gidanmu na Bagudo, kuma bai fita ba.

Mazarƙwaila ce sana'ar gidanmu. Babanmu, Allah ya jiƙansa, da doki yake matse rake. Doki na zagayawa, ƙarafa na murƙushe raken, ruwan na gangarowa cikin daro. A kwashe a zuba a babban kasko, a yi ta dafawa ana kwashe kumfa har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare ya zama curi. Bai taɓa zama a ajin boko ba, amma yana da doka guda wadda ko mahaifiyarmu ba ta isa ta sa ya karya ba. Akwai wani babban gwangwanin madara da yake ajiyewa ƙarƙashin gadonsa, kuɗin da ke ciki yana kiransu kuɗin wuta, wato kuɗin da ke hana wutar kasko mutuwa. Daga nan ake biyan masu sara, da masu amalanke, da itace, da dusar doki, da rabin kuɗin manomi ranar da aka sari rakensa. Abin da aka dafa a mako, kasuwar wannan makon ake kai shi, farashi ya yi daɗi ko bai yi ba. In kuɗi sun dawo, gwangwani ake fara cikawa. Abin da ya yi saura shi ne riba, shi ake ci. Na ga an yi sunan ƙanwata da ɗan akuya ramamme, alhali gwangwanin nan cike yake har baki, kuma duk surutun da dangi suka yi Baba bai buɗe shi ba.

Da ya rasu, wana ya gaji sana'ar. Ya sayar da dokin ya sayi inji mai shan gas, wannan ban ga laifinsa ba, aiki ya ƙara sauri. Abin da ya fara ba ni haushi shi ne allon da ya sa aka rubuta aka kafa a bakin hanya, wai kamfani, da hatimin roba da ya yo wanda ba mu da takardar da za mu buga wa. Ya sayi kujera mai juyawa ya ajiye a ƙarƙashin rumfar kara, ƙafafunta na nutsewa cikin yashi, ya ce ma'aikata su riƙa ce masa Manaja. Ni ina koyarwa a firamare, Asabar da Lahadi nake zuwa in rubuta masa abin da ya shiga da abin da ya fita. In yana son wani abu a wurina sai ya ce Malam. In na musa masa sai in koma ɗan boko.

Sai Kawu, ƙanen mahaifiyarmu. Gonarsa ta rake tana fadama wajen Geza, ba ta da girman a zo a gani, amma irin raken da ke cikinta babu kamarsa a yankin. Daga mahaifinsa ya gaji irin. Mazarƙwailarsa kan fito da haske, ta daskare da ƙarfi, in ka buga curi biyu sai ka ji ƙara. Shi ya sa Baba kullum yake barin raken Kawu ya zama na ƙarshe a kaka, musamman in ta haɗu da kasuwar azumi. Ga abin da ya kamata wanda bai san noman rake ba ya gane. In an sare rake, kututturen da ya rage a ƙasa yana sake tohowa ya zama raken baɗi, amma sai an yi ta ba shi ruwa duk tsawon bazara har damina ta sauka. A lokacin ruwan fadama ya janye, sai da injin ban ruwa, inji kuwa sai da fetur. Saboda haka kuɗin raken Kawu ba na ajiya ba ne. A makon da aka ba shi su, a makon suke zama fetur.

A tsakiyar kakar rake ta wannan shekarar, lokacin da naira ke ta zubewa, wani ɗan kasuwa ya zo daga ƙetare, ta ɓangaren Benin. Mu nan iyaka ba wani abu ba ce, mutum kan karya kumallo a Bagudo ya yi azahar a can. Ya zo bisa babur da shadda mai maiƙo, turarensa har bakin kasko ana jin sa. Ya gutsiri curi guda ya tauna, ya lumshe ido. Ya ce mota guda yake so, cikakkiya, kuma da sefa zai biya, dab da azumi ko bayansa kaɗan. Bai ba da ko sisin kafin alƙalami ba. Ya sha shayi kofi biyu, ya bar lambar waya, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

A nan nawa laifin yake, gara in faɗe shi tun yanzu kafin in ci gaba da zagin wani. Ni ne na ɗauki biro na juya sefar nan zuwa naira a bayan littafi, na ja layi biyu a ƙarƙashin abin da ya fito, na miƙa wa Yaya ina murmushi kamar na ci jarrabawa. Ya ƙura wa lambar ido. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ban tsaya na tambayi kaina da me za mu riƙa sayen gas daga yau har ranar da motar za ta cika ba. Kitse muka gani a jikin rogo, ni da shi duka.

Tun daga ranar aka daina kai kaya kasuwa. Akwai wani ɗaki mai rufin kwano da daɓen siminti a bayan gida, Yaya ya sa aka toshe tagarsa da bulo saboda ɓarayi, ya sa kwaɗo biyu a ƙofar. Duk abin da aka dafa, a jera a kwanduna a kai can. Dillalan da suka saba zuwa daga Kamba da kasuwar garinmu suka zo da kuɗi a aljihu, ya ce babu kaya. Suna ganin hayaƙi na tashi, suna jin ƙamshi, yana juyi a kujerarsa yana cewa babu kaya. Matan da ke yin alewa da masu kunu, waɗanda tun zamanin Baba suke sayen curi biyar goma, ya ce ya daina cinikin tsiya. Suka koma wurin wasu, kuma ba su sake dawowa ba. Bai tsaya nan ba. Don motar ta cika da wuri sai ya kwashe abin da ke cikin gwangwanin Baba ya kama gonakin rake har uku waɗanda ba mu saba saye ba.

Kowace Asabar ina rubuta kwanduna nawa suka shiga ɗaki, in ninka da farashin mutumin ƙetare, riba ta fito ƙatuwa a takarda. Gwangwani kuwa in ka girgiza shi ba ka jin komai. Aka fara karɓar gas bashi. Masu dafa, waɗanda ke tsayuwa gaban wuta tun safe har fatar hannunsu ta canja launi, aka fara biyansu da gobe.

Na ce masa, “Yaya, littafi na nuna riba, amma ba mu da kuɗin itacen jibi.”

Ya ce, “To wa ya rubuta littafin? Ƙarya ka rubuta?”

Na ce ba ƙarya ba ce, sai dai ribar tana cikin ɗaki a kulle. Ya ce ai shi ya sa ya sa kwaɗo biyu. Ya yi dariya, ni ma, Allah ya yafe mini, na taya shi.

Da ya rage kamar kwana goma a fara azumi, lokacin raken Kawu ya yi. Yaya ya ce motar saura kaɗan ta cika, raken Kawu ne zai rufe ta, kuma shi za a jera a sama don mai saye ya fara ganin mai kyau. Ya aike ni Geza in gaya masa a sara ranar Laraba. Na hau babur ɗin kabu-kabu na same shi a gona yana gyaran tiyo. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara. Da na isar da saƙon sai ya juya yana kallon raken. Labari ya riga ya kai masa cewa mun daina kai kaya kasuwa, a garuruwanmu babu abin da 'yan kabu-kabu ba sa ɗauka.

Ya ce, “Malam, gwangwanin babanku da nauyi kuwa?”

Na san abin da yake tambaya. Rake ba gero ba ne. In an sare shi, yau ko gobe a matse shi, in ya wuce haka zaƙinsa ya fara juyewa. Muddin yana tsaye a gona ba abin da zai same shi, ko wani mai inji zai iya saye. Tambayarsa ita ce ko muna da kuɗin da za mu kunna wuta ranar da raken ya iso. Na san gwangwanin fanko ne, ni na girgiza shi da hannuna ranar Lahadi. Amma kunya ta hana ni tona asirin ɗan'uwana a gaban ƙanen uwarmu, kuma ina ta raya wa kaina cewa kafin Laraba Yaya zai samo dabara.

Na ce, “Da nauyi, Kawu.”

Ya ce, “To, madalla. A sara.”

Aka sara ranar Laraba. Amalanken shanu suka yi ta sauke rake a gaban inji har ya yi tsibi ya fi ni tsayi. Rabin kuɗin da ake ba manomi ranar sara, Yaya ya aika wa Kawu cewa ya yi haƙuri zuwa Juma'a. Ranar Alhamis da safe inji ya yi tari ya mutu. Mai sayar da gas ya ce ba zai ƙara ko cokali ba sai an biya na baya. Masu dafa suka zauna a inuwa har azahar, sannan suka ɗauki rigunansu suka tafi yankan albasa inda ake biya da yamma.

Na bar makaranta da wuri na same shi a rumfa yana danna waya. Na ce ya buɗe ɗaki a fitar da kwando goma kawai. Goma cikin ɗaki guda. Azumi ya ƙarato, farashi ya tashi, in na kira dillali ɗaya kafin la'asar kuɗi na hannu, gobe inji na aiki.

Ya ce, “Mota cikakkiya munka yi alkawari da mutum. In ya zo ya tarar da giɓi, mi zan ce mishi?”

Na ce, “Mutumin da bai ba ka ko sisi ba? Ga raken Kawu nan yana mutuwa a rana.”

Ya ce, “Kai ɗan boko, ba ka san kasuwa ba. Mai haƙuri shi ka dafa dutse.”

Raina ya ɓaci. Na ce masa dutse ba ya tsami, rake yana yi. Na ce Baba da ke kabari ya fi shi sanin kasuwa sau dubu ba tare da kujera mai juyawa ba. Ya miƙe, ya ce in fita masa daga kamfani. Kamfani! Rumfar kara da mataccen inji. Na fita, makullan kuwa suna aljihunsa.

Kwana biyar raken nan yana kwance. Nawa albashin bai shigo ba. Kullum in na biyo ta wurin sai in ga bakin sandunan ya ƙara yin ja, ƙudaje sun ƙara yawa, awakin unguwa na ja suna ci ba mai kora. A rana ta shida na roƙi malaman makarantarmu su ba ni ɗaukar adashe kafin lokacina, na sayi gas, na lallaso masu dafa biyu da kuɗi a hannu. Da aka fara matsa, ruwan da ya fito ba na raken Kawu ba ne da na sani. Ya yi duhu, yana kumfa tun kafin ya ga wuta, yana tsami. Muka dafa, muka dafa, tsohon mai dafa ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya murza da yatsa, ya girgiza kai. Aka zuba a kwanoni aka jira har yamma, ya ƙi daskarewa. Ya tsaya baƙi yana danƙo, in ka juya kwano sai ya malalo.

Yaya ya zo ya duba, ya taɓa da yatsa, ya ce, “Raken Kawu bana ba shi da kyau. Tsufa ya kama shi, bai iya kula da gona.” Ya ce in rubuta rabin farashi. Ban taɓa jin ƙyamar mutum irin ta wannan lokacin ba, kuma uwa ɗaya ta haife mu. Na ƙi rubutawa, ya karɓi biron ya rubuta da kansa. Ya sa aka juye abin a jarkoki aka shigar ɗakin nan tare da sauran kaya.

Kawu ya zo Bagudo sau biyu cikin azumi. Da rana yake zuwa, da bakinsa a bushe, ya zauna a benci ya jira Manaja ya gama waya. Bai tambayi kuɗinsa duka ba, bai ma yi maganar rabin farashin ba. Na fetur kawai yake nema, ya ce tohon ya fito da kyau amma ƙasa ta fara tsagewa. A zuwa na biyu Yaya ya ja shi har bakin ɗakin, ya buɗe kwaɗo ya tura ƙofar kaɗan, ya nuna masa kwanduna jere har rufi.

Ya ce, “Kawu, kuɗinka ga su nan. Ka kwantar da hankalinka, ba naira za ka amsa ba, sefa ce.”

Kawu ya leƙa, ya dawo da kansa. Ya ce, “Na gani. Sai dai injina ba ya shan mazarƙwaila.”

Na raka shi bakin hanya. Albashina ya shigo a makon, na ba shi abin da zan iya, bai fi na ban ruwa biyu ba, ga bashin adashe a kaina. Ya karɓa ya yi godiya. Bai ce mini komai ba game da tambayar da ya yi mini a gona, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Inna ta kira Yaya ta yi masa magana, ya ce mata harkar kamfani ce, ta bari ta ga abin da zai saya mata bayan Sallah.

Azumi ya wuce. A makonsa na farko mazarƙwaila ta yi tsadar da ban taɓa gani ba, muna zaune a kan ɗaki guda ba mu sayar da curi ɗaya ba. Bayan Sallah farashi ya faɗo. Mutumin ƙetare, in an kira shi, yau ya ce hanya ba kyau, gobe ya ce yana jiran mota, daga baya wayar ta daina shiga. Ba zan ce ya cuce mu ba. Bai karɓi komai namu ba, shayi kofi biyu kawai ya sha. Wataƙila shi ya ma manta ya yi maganar.

Zafin bazara ya yi ta dukan kwanon ɗakin nan da ba shi da taga. Sannan aka yi ruwan fari, iska ta yi laima. Mazarƙwaila kuwa tana shan laima, kowace mace a garin nan ta san haka, shi ya sa Baba bai taɓa barin ta ta ga damina ba. Bayan kwana biyu sai matar Yaya ta ce tana jin wani wari in ta je shanya. Na je na duba. Wani baƙin ruwa mai kauri ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa ya yi hanya har cikin yashi, ƙudan zuma da ƙudaje sun rufe shi, akuya guda na lasa.

Da hantsi muka buɗe. Ƙofar ta ƙi turuwa sai da muka sa kafaɗa mu biyu. Abin da ya fara fitowa zafi ne, sannan warin: zaƙi da tsami da ruɓa a haɗe, irin wanda ke kama maƙogwaro. Kwandunan ƙasa sun narke sun ruguje, na sama sun rufto a kansu. Jarkokin raken Kawu sun kumbura, biyu sun fashe sun yi kumfa sun bi ko'ina. Daɓen duka ya zama taɓo baƙi har idon sawu, yana ɗan motsi, da na duba da kyau sai na ga tsutsa ce. Ɓeraye sun shiga sun maƙale sun mutu a ciki, wasu sun kumbura, gashinsu ya saɓule. Kyankyasai ba adadi. Akwai wata tsaka da ta maƙale da rai, tana ɗaga kai ta kasa cire ƙafa. Takalmina ya tsaya a ciki, na zaro ƙafata babu shi. Na fita na durƙusa bayan ɗakin na yi amai har cikina ya yi ciwo. Yaya na tsaye a bakin ƙofa da makullai biyu a hannu, abin da kawai ya iya cewa shi ne na sama-sama ba su lalace sosai ba.

Dillalan Kamba ko zuwa dubawa ba su yi ba. Amma labari ya tsallaka iyaka, bayan kwana uku sai ga wani mutum da babura huɗu ɗaure da jarkoki da durom. Bai ɗanɗana ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya shaƙi warin nan da ya sa ni amai, ya gyaɗa kai cike da gamsuwa. Babu wanda ya tambaye shi me zai yi da ita, don babu wanda bai sani ba. Abu ɗaya ake yi da ruɓaɓɓen zaƙi a dazukan can, giya ake dafawa. Ya taya da farashin da bai kai na itacen da muka ƙona ba, Yaya ya sallama nan take. Da masu kwasa suka fara tsince ɓerayen da shebur, mutumin ya ce kada su ɓata lokaci, su zuba duka.

Na ce, “Yaya, ka san abin da za a yi da ita.”

Ya ce, “Ni kaya na sayar. Abin da za ya yi da su, tsakaninshi da Allah.”

Da sefa aka biya shi kuwa, burinsa ya cika. Ya canja, ya biya mai gas wani abu, ya ƙirga rabin farashin da ya rubuta da hannunsa ya sa a leda, ya ce in kai wa Kawu. Shi ba shi da fuskar zuwa. Na cika sauran rabin da abin da na ranto, na haɗa su wuri guda, har ni kaina ban iya bambance wanne ne wanne ba.

Na same shi a fadama. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fara kore a gefen hanya, amma gonar raken layi-layi ce ta busassun kututture, sai can kusa da rijiyar inji inda 'yan tsiraru suka rayu. Injin ban ruwan ba ya nan, daga baya na ji ya sayar da shi ya sayi hatsi. Yana haƙe kututturen da fartanya yana tarawa gefe. Ya ɗauko guda ya ɓare da babban yatsa ya nuna mini cikinsa, ya bushe ya yi fari. Na tambaye shi ko waɗanda suka rayu za su isa iri. Ya ce ba za su isa ba, kuma babu wani mai irin a yankin, ya riga ya tambaya. Shinkafa zai shuka, in ya samu na taki.

Muka zauna a kan kunya. Na fito da ledar na miƙa masa da hannu biyu. Kawu ne ya fara koya mini alwala. Tun da nake ban taɓa jin an ce ya ci kobon da bai san asalinsa ba, ko goro aka ba shi a wurin da bai yarda da shi ba, sai ya ajiye ya tashi. Baburan nan huɗu kuwa ta hanyar Geza suka bi da rana tsaka, suna ɗigar da baƙin ruwa, ƙudaje na bin su. Ya riƙe ledar bai buɗe ba. Yana da mutum tara da ke ci a gidansa, ga damina ta kama, ba taki, ba iri.

Na ce, “Kawu, kuɗin nan, akwai abin da ya kamata in...”

Ya ɗaga hannu. Bai dube ni ba, gonar yake kallo.

Ya ce, “Rannan na tambaye ka, ka ba ni amsa. Yau ban tambaye ka ba. Kada ka gaya mini.”

Ya ɗaga rigarsa ya cusa ledar a aljihun ciki, ya goge tafin hannunsa a ƙasa sau biyu, sannan ya ɗauki fartanya ya koma kan kututturen da ya bari.